Kogi da Rijiyar Fadama, Tukunyarsu Ɗaya

 

Tambayoyi biyu ne suka kawo hirarmu ta yau. Ta farko daga wani dattijo makiyayi take, wanda ya bugo mana waya daga gindin dutsen Gambaga. Ya ce rijiyar da suke shayar da maruƙa, wadda ba ta fi taku ɗari daga bakin gulbi ba, da can takan kai su har watan Afrilu, amma bana tun Fabrairu guga ke dawowa da laka. Gulbin kuwa yana nan yana gudu abinsa. Ta biyu daga wata Hajiya ce mai safarar albasa a Bawku. Ta ce bayan ambaliyar bara ruwan rijiyar lambunsu ya canza ɗanɗano, yara suka yi ta ciwon ciki, alhali ambaliyar ko bakin rijiyar ba ta taɓa ba.

Baba, Hajiya, Allah Ya ƙara girma. Ni yaro ne, ban kai in koya wa makiyayi sha'anin ruwa ba. Abin da na yi shi ne na zauna da ma'aikatan ruwa, na zauna da masu haƙar rijiya, na haɗa da abin da na gani da idona a mashayu. Sai na tarar tambayoyin nan biyu amsarsu ɗaya ce: ruwan kogi da ruwan rijiyar fadama ruwa ɗaya ne. Ta ƙarƙashin ƙasa suke haɗe, suna ba juna suna karɓa.

Bari mu fara da kogin da muka sani. Farin Volta, wanda 'yan'uwanmu na Burkina Faso ke kira Nakambe, daga arewacin ƙasarsu yake tasowa. Yana shigowa Gana ta yammacin Bawku, ya wuce ƙarƙashin gadar da ke kan hanyar Bawku zuwa Bolga, ya gangaro kudu har ya ci karo da dutsen Gambaga. Dutsen ya tare shi, sai ya juya yamma yana bin gindinsa, Jan Volta ya faɗo masa, ya wuce Pwalugu, sannan ya sake miƙewa kudu. Kogin Nasiya, wanda ke kwashe ruwan bayan dutsen, shi ma cikinsa yake zubawa. Duk tsawon wannan tafiya, shekara da shekaru, kogin na zubar da yashi da laka dama da hagu. Wannan ƙasa da ya shimfiɗa da kansa ita ce fadama.

To, yashi ba kamar dutse ba ne. Ku cika kwano da busasshen yashi har baki, ku zuba masa ruwa kofi guda, za ku ga ya shanye, kwanon kuma bai zuba ba. Ruwan ya shige 'yan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin yashin. Haka fadama take, sai dai ita kwanonta ya kai faɗin gari. In ka yi haƙa har ka iske inda yashin ya ƙoshi da ruwa, ka kai ga abin da masu rijiya ke kira idon ruwa. Wannan ido ba ya zama wuri ɗaya, yana hawa yana sauka da lokaci.

Ruwa kuwa, a sarari yake ko a ƙarƙashin ƙasa, daga tudu yake gangarawa kwari. Da damina, wajen Agusta da Satumba, kogi kan cika har ya fi ruwan da ke cikin ƙasar gefensa tsawo. A lokacin shi ke bayarwa. Ruwa na kutsawa ta cikin gaɓa, in kuma ya yi ambaliya ya kwanta a fadama, sai ya riƙa nutsewa ta sama. Ku 'yan kasuwa kun san ajiya: kogi ne ya kawo kaya ya ba ƙasa ta riƙe masa. In kaka ta wuce, hunturu ya shigo, kogi ya ja baya har ya koma ƙasa da idon ruwan fadama, sai ciniki ya juya. Ƙasa ta fara mayar da ajiya, kaɗan-kaɗan, ta cikin gaɓa da ƙasan kogin. Shi ya sa za ku ga ƙorama tana tsiyaya a watan Disamba alhali an yi wata biyu ba a ga hadari ba. Shi ya sa kuma wani gurbi a cikin kogi ba ya ƙafewa, ruwansa da sanyi, garau, na kusa da shi kuwa ya zama tabo tun tuni. Na farkon ƙasa ce ke ciyar da shi.

Shigar ruwa cikin ƙasa da fitowarsa ba gudu ba ne irin na kogi. A cikin yashi mai tsakuwa yana iya yin 'yan taku a yini, a cikin laka kuwa sai ya shekara bai yi abin kirki ba. Wannan ne dalilin da ya sa rijiyoyi biyu a fadama guda, ɗaya ta yi ruwa ɗaya ta ƙi. Kogi yakan sauya hanya, ya bar tsohon kwarinsa cike da yashi, laka ta rufe shi ta sama. Wanda ya dace da wannan tsohon kwari ya sami ruwa, wanda ya kauce da taku ashirin ya faɗa laka zalla. Dattawa na gane wurin da itatuwa, irin su giyayya da ɓaure da kanya, da kuma inda ciyawa ke riƙe ɗanyenta bayan ta ko'ina ta bushe. Ba su yi kuskure ba.

Akwai wata fa'ida ta ruwan da ke cikin yashi. Rana da iskar hunturu suna shan ruwan tafki kullum, ku da kanku kuna ganin yadda bakinsa ke ja da baya ko ba a shayar da dabba ba. Amma ruwan da ya nutse kamu biyu ko uku cikin yashi, rana ba ta kai masa sosai. Don haka busasshen kogi da kuke takawa a watan Maris, sau da yawa rumbu ne a rufe. Manoman tumatir na kwarin Atankwidi, can wajen Navrongo a kan iyakar Burkina, da wannan suke noman rani: suna haƙa ramuka a cikin kogin da gefensa duk shekara, suna ɗiba da guga, suna ƙara zurfi yayin da ruwan ke sauka.

Yanzu ga abin da ya bambanta Farin Volta da sauran kogunanmu. Tun farkon shekarun 1990 akwai madatsar ruwa a kansa a Bagre, cikin Burkina Faso, ba nisa da iyaka. Kamfanin lantarki na ƙasar, SONABEL, shi ke kula da ita. Da rani suna sakin ruwa ta cikin injinan wuta, shi ya sa kogin ke gudu duk shekara a wajenmu, abin da iyayenmu ba su saba gani ba. Da damina kuma, in madatsar ta cika, dole su buɗe ƙofofi, yawanci a Agusta ko Satumba. In wannan ya haɗu da ruwan sama mai yawa a nan gida, sai a sami irin abin da ya faru a 2007, lokacin da ambaliya ta ci gonaki da gidaje da gadoji da dabbobi a arewacin Gana. Ma'anar wannan ga mai rijiya a bakin Farin Volta ita ce, hawa da saukar ruwansa ba ga samansa kaɗai ya dogara ba, har da abin da aka yanke a wata ƙasa. Dalili ke nan da ƙasashe 6 da ke shan wannan ruwa, wato Gana, Burkina Faso, Togo, Benin, Mali da Kodebuwa, suka sa hannu a 2007 a Wagadugu suka kafa hukuma guda ta kwarin Volta.

Jan Volta da Nasiya da Daka ba su da wata Bagre a bayansu. Abin da ƙasa ta ajiye musu da damina, shi ne jarinsu na rani. Mutanen Yendi, waɗanda famfonsu ya dogara da kogin Daka, sun san yadda ake ji in bazara ta yi nisa. Kuma yankin Yendi da Salaga ƙasarsa ta zurfi dutsen laka ne mai rowar ruwa, sau da yawa a haƙa burtsatse a tashi a banza. Kakanninmu fataken goro da suka riƙa zuwa Gwanja daga Kano da Katsina sun tarar da wannan matsala, shi ya sa Salaga ta cika da rijiyoyi har ake mata kirari da garin rijiya dubu. A irin wannan ƙasa, ɗan yashin da ke bakin kogi ya fi ƙarfin a yi wasa da shi.

Mu koma ga tambayar Baba. Me zai sa rijiya ta ƙafe da wuri alhali gulbi na gudu? Ban je wurin ba, amma ga abubuwa huɗu da ya kamata ya duba.

Na farko, ɗibar yashi. In tifa ta shiga kogi tana kwasa, abu biyu take yi. Tana ɗauke rumbun kansa: yashi mai kauri mita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, ɗaya zurfi, yana iya ba da ruwa lita 200 ko fiye. Tifa mai ɗaukar irin wannan goma ta tafi da mazaunin lita 2,000 ke nan. Babbar saniya a ranar zafi tana shan wajen lita 30, kun ga sawu guda ya tafi da abin da shanu 60 zuwa 70 za su sha a yini, kuma ba na bana kaɗai ba. Sannan tana zurfafa ƙasan kogin. In kogi ya yi zurfi, ruwan fadama sai ya bi shi ya tsiyaye da wuri, kamar an huda tukunya ta gindi. Kogin na gudu, amma yanzu yana gudu ne ƙasa da gindin rijiyar Baba.

Na biyu, injinan ban-ruwa. Guga na ɗiba ne daidai da yadda ƙasa ke kawowa. Inji kuwa yana zuƙa fiye da haka, sai idon ruwa ya lotsa kewaye da ramin kamar mazurari. In rijiyarka na cikin wannan lotsawa kuma ta maƙwabcinka ta fi taka zurfi, shi zai sha kai ka ga laka. Ba sammu ba ne, ba kuma lalle mugunta ba ce. Mai albasa shi ma abincin 'ya'yansa yake nema.

Na uku, daminar da ta gabata. Ruwan da ya zo da ƙarfi ya wuce cikin kwana biyu ba ya cika ƙasa kamar wanda ya kwanta mako biyu. Ƙasar da aka ƙone ciyawarta, ko kofato ya daddaɓe ta ta yi tauri, ruwa kan bi ta kanta ya wuce bai shiga ba. Nan mu ma masu dabbobi muna da namu laifin, gaskiya ɗaya ce.

Na huɗu, rijiyar kanta. Ambaliya kan cika gindinta da laka ta toshe idon. Wani lokaci yasa kawai take so.

Sai tambayar Hajiya. Tun da ruwa na ratsawa daga kogi zuwa rijiya ta ƙarƙashin ƙasa, ba sai ambaliya ta shiga ta baki ba kafin ta ɓata ta. In ƙasa ta cika, idon ruwa na hawowa har ya iske ramin masai da juji da turken dabbobi, ya jiƙa su, ya gangara da abin da ya ɗebo. Gaskiya ne yashi na tace ruwa. Yana tare laka, yana tare ƙwayoyin cuta da yawa in tafiyar ta yi nisa, yana kuma tare 'yan ƙwarin nan da ke ɗauke da kurkunu. Gana ta rabu da kurkunu, an ga na ƙarshe a 2010, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2015, kuma tace ruwa da barin shan na kududdufi na cikin abin da ya kawo haka. Amma akwai abin da yashi ba ya iya tarewa: takin zamani da ya narke, wasu magungunan feshi, gishiri, fetur da baƙin mai. Waɗannan tare da ruwan suke tafiya. Direban da ya juye baƙin mai a cikin busasshen kogi, da wanda ya wanke tankin feshi a mashaya, da wanda ya zuba guba a gurbi don kama kifi, duk a rijiyar wani suka zuba, ko da ba su taɓa ganin ta ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Wata rana a wata mashaya na ga abin da ya tsaya mini a rai. An haƙa rami a yashi, ruwa ya taru garau. Shanu suka shiga har gwiwa suna sha suna fitsari, bayan sun fita wata yarinya ta zo da jarka ta cika ta kai gida. Taku talatin sama da wurin, yashi ne mai tsabta wanda ba wanda ya taɓa. Rami na biyu kawai ake bukata, aikin rabin sa'a.

Saboda haka ga abin da nake roƙon mu riƙe.

A raba ramin mutane da na dabbobi. Na mutane ya kasance ta sama, inda ruwa ke fitowa, na dabbobi ta ƙasa. In da hali a ɗebo a zuba a komi, kada a bar garke ya shiga ramin. Dabbar ma ta fi samun lafiya, domin tabon bakin ruwa mai dodon koɗi nan ne matattarar tsutsar hanta.

Masai da turke da ramin mushe su yi nisa da rijiya, aƙalla mita 30, kuma ta gangare. A ƙasa mai yashi a ƙara nisa.

Bayan ambaliya kada a sha rijiyar fadama sai an kwashe ruwanta an yashe ta, an kuma nemi ma'aikatan lafiya su sa mata magani. Kafin nan a tafasa na sha. In amai da gudawa suka kama yaro, a ba shi ruwan gishiri da sukari a nufi asibiti, kada a jira gari ya waye.

Ramin yashi yana rushewa ba sallama. Kada mutum ya shiga mai zurfi shi kaɗai, kada a tura yaro. A buɗe bakinsa da faɗi, ko a sa masa kankare ko ganga. In an tashi daga mashekari a cike ramin, domin saniyar wani ko ɗan wani na iya faɗawa da dare.

A bar wa gaɓa itatuwanta da ciyawarta. Tsarin Gana ya ce a bar tsakanin mita 10 zuwa 60 a bakin manyan koguna ba noma. Itace na shan ruwa, ba a musu, amma saiwarsa ce ke riƙe gaɓa, ciyawa kuma ke rage wa ambaliya gudu har ta sami lokacin nutsewa. Gaɓar da ta zube, laka take zama ta shafe yashin da kowa ke sha.

In Agusta ta kama, a kasa kunne ga sanarwar buɗe Bagre daga hukumar agaji ta NADMO da gidajen rediyo. Kogi na iya tasowa da dare alhali sama garau, ba ko ɗigo. A kwashe ruga da kaya daga fadama tun kafin a ga ruwa. Masu kwalekwale da masu ratsa mashigi da babur ɗauke da kaya, riba ba ta kai rai ba.

Akwai kuma ɗan aikin da kowa zai iya yi ba ko sisi. A sami igiya a ɗaura mata dutse, duk ranar kasuwa da sassafe, kafin a fara ɗiba, a auna daga bakin rijiya zuwa ruwa, a ƙulla alama. A duba kuma inda ruwa ya tsaya a jikin ƙafar gada ko wani dutse a kogi. Cikin shekara guda za ku ga da idonku yadda rijiya ke bin kogi a baya, da kwana nawa take bin sa, da watan da take fara sauka da sauri. Wanda ya san wannan ya san ranar da zai ɗaga garke tun dabbobi na da ƙarfin tafiya. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi damuna. Yawancin rigimar da muke ji tsakanin makiyayi da mai lambu a watan Maris da Afrilu take tashi, kuma a bakin ruwa. Kowa na ganin ɗan'uwansa ne ya shanye masa. Alhali kwano ɗaya ne, an cika shi sau ɗaya da damina, kuma mai tifa da ba ya cikin rigimar wataƙila ya fi su duka ɗiba. Lokacin zama shi ne kaka, sa'ad da ruwa ke da yawa kuma rai ke kwance. A je gaban sarkin gari da mai ƙasa, da ardo, da sarkin zango, da wakilin majalisar gunduma, a yanke inda burtali zai bi ya kai mashaya, inda lambu zai tsaya, sa'o'in da inji zai yi aiki, da yankin kogin da tifa ba za ta taɓa ba. Abin da aka yanke a Nuwamba cikin lumana ya fi abin da za a yanke a Afrilu a ofishin 'yan sanda.

Baba na gindin dutsen Gambaga, ka duba mana ko ana ɗibar yashi kusa da ku, ko an kafa sabon inji a fadamar, ka sake bugowa mu ji. Hajiya, a duba nisan masai da rijiyar nan, Allah Ya ba yara lafiya. Ku ma sauran jama'a, daga Salaga, Yendi, Bawku, Sankanse har Bitu, ku aiko mana da watan da rijiyarku ke ƙafewa da abin da kuka lura ya canza, za mu karanta a shiri na gaba.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu da dukiyoyinmu, Ya zaunar da iyakokinmu lafiya.